Binkiristin, maganin sankarar jini da aka tatso daga furen tsakar gida

Akwai wani ɗan fure da ake shukawa a bakin baranda, a harabar makarantu da ofisoshi, wani lokaci ma a cikin tsohon gwangwanin madara a tsakar gida. Ganyensa kore shar, yana ƙyalli kamar an shafa masa mai. Furen kunnuwa biyar gare shi, ko fari ko ruwan hoda, da ɗan ɗigo a tsakiya. Ba ya cin ruwa da yawa, shi ya sa masu shukar ado suke son sa. Asalinsa tsibirin Madagaska, masana tsirrai kuma suna kiransa Catharanthus roseus. Daga ganyen nan ake fitar da binkiristin, wanda a jikin kwalba za ka ga an rubuta Vincristine, ko tsohon sunansa na kasuwa, Oncovin. Yau fiye da shekara 60 ke nan ana yin allurarsa ga masu sankarar jini, da sankarar kaluluwa, da wasu nau'o'in dajin da ke kama ƙodar yara ko idonsu ko tsokarsu. Har yanzu kuma ba a sami wanda ya ture shi daga kan kujerarsa ba, musamman a jinyar yara.

Waɗanda suka gano shi ba sankara suka fita nema ba. A Jamaika mutane sun daɗe suna dafa ganyen suna sha kamar shayi, suna cewa yana maganin ciwon suga. A 1952 aka aiko wa wani likita a Toronto mai suna Clark Noble 'yan ganyayyaki a cikin ambulan, shi kuma ya miƙa wa ƙanensa Robert Noble, mai bincike a Jami'ar Western Ontario da ke Kanada. Aka ba dabbobin gwaji ta baki, sugan jininsu ko motsi bai yi ba. Aka ce to bari a gwada ta allura. Bayan 'yan kwanaki ɓeraye suka fara mutuwa. Da aka duba sai aka tarar ƙwayoyin cuta ne suka ci ƙarfinsu, saboda fararen ƙwayoyin jininsu, waɗanda su ne dakarun jiki, sun ƙare ƙarƙaf, ɓargo kuma ya daina ƙera sababbi.

Da wani ne, da ya ce guba ce ya zubar ya kama wani aikin. Su kuwa suka tsaya suka yi tunani: sankarar jini ai ita ce yaɗuwar fararen ƙwayoyin jini marasa amfani, suna hayayyafa ba ƙaƙƙautawa har su cika ɓargo. Ga kuma abin da ke rage fararen ƙwayoyi. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Wani masanin haɗa sinadarai, Charles Beer, ya yi shekaru yana tace ganyen, har a 1958 suka ware sinadarin da aka sa wa suna binbilastin. A daidai wannan lokacin kamfanin Eli Lilly a Amurka shi ma yana kan ganyen, kuma a can ne Gordon Svoboda ya ware ɗan'uwansa, binkiristin. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1963.

Kafin wani ya tashi ya nufi baranda da wuƙa, bari a yi lissafi. Ana bukatar busasshen ganye wajen kilo 2,000 kafin a sami giram 1 na binkiristin. Nauyin buhu 20 na masara ke nan, a fitar da abin da bai cika kan ƙaramin cokalin shayi ba. Babban mutum kuwa ba a cika wuce miligiram 2 a allura guda ba, wato kowace allura ta cinye kusan kilo 4 na busasshen ganye. A cikin ganyen akwai sinadarai masu ƙarfi fiye da 100, wasunsu suna taɓa hawan jini, wasu jijiyoyi. Shi kansa binkiristin hanji ba ya tsotse shi yadda ya kamata, shi ya sa ba a yin ƙwayarsa ta haɗiya. Wanda ya dafa ganyen ya ba mai daji, ya ɗora masa guba ne a kan cuta, maganin kuwa bai isa inda ake so ba.

A ganina wannan ganyen ya isa ya kashe gardamar nan da muke yi kullum ta "na gargajiya" da "na asibiti". Na asibitin ma daga tsiro ya fito. Abin da ya raba su shi ne awo: an san abin da ke ciki, an san nawa za a ba mutum gwargwadon tsawonsa da nauyinsa, an san ta wace hanya zai shiga jiki da ranar da za a maimaita. Duk sauran bayanin maganin nan a kan waɗannan abubuwa yake tafiya.

To yaya yake aiki?

Jikin mutum ƙwayoyin halitta ne, kuma kowace ƙwaya idan za ta hayayyafa rabewa take yi gida biyu. Kafin ta rabe sai ta kwafi dukkan kundin gadonta, ta jera kwafi biyun a tsakiyarta, kamar magada sun baje kaya a tabarma ranar rabon gado. Daga nan sai wasu siraran igiyoyi su miƙo daga gefe biyu, kowace ta kama rabonta ta ja zuwa ɓangarenta. Idan an gama ja, ƙwayar ta tsuke a tsakiya ta zama biyu. Igiyoyin nan ba a ajiye suke ba, nan take ake gina su daga wasu ƙananan guntaye da ake jerawa ɗaya bisa ɗaya. Sunan guntayen a kimiyyance tubulin, kuma duk lokacin da na ji sunan sai tubali ya faɗo mini a rai, don aikinsu ɗaya ne. Binkiristin yana manne wa tubalan nan ya hana su hawa kan juna. Igiya ba ta ginu ba, kayan gado na nan jere a tsakiya babu mai ja. Ƙwayar ta maƙale, ba gaba ba baya, daga ƙarshe ta mutu.

Tunda a lokacin rabuwa yake kama ƙwaya, wadda ta fi yawan rabuwa ita ta fi shan wuya. Ƙwayoyin sankarar jini da na kaluluwa ba su da aiki sai rabuwa. Amma ba dukkansu ke rabuwa a rana ɗaya ba. Wadda take hutawa a ranar da aka yi allura ta tsira, sai a zagaye na gaba. Dalilin da ya sa ake maimaita allurar ke nan, mako-mako a farkon jinyar sankarar jinin yara, ko duk bayan kwana 21 a wasu tsare-tsaren manya. Tushen gashi ma yana cikin masu yawan rabuwa, shi ya sa gashi ke zubewa, ya kuma dawo bayan an gama.

Inda maganin ya fi ba da wahala shi ne jijiyoyin ji da motsi, kuma dalilin yana da ban sha'awa. Ƙwayoyin jijiya ba sa rabuwa, amma suna amfani da irin waɗancan igiyoyin a matsayin hanyar dakon kaya. Jijiyar da ta taso daga ƙasan gadon baya ta sauka har babban yatsan ƙafa, tsawonta ya kai wajen mita guda, kuma duk abin da ƙarshenta ke bukata daga sama ake turo shi ta kan wannan hanya. Idan hanya ta lalace, ƙauyen da ya fi nisa shi ke fara rasa kaya. Saboda haka alamun suke farawa daga kan yatsu: mutum ya riƙa jin minjirya, ko ya ji yatsun kamar ba nasa ba. Sa maɓallin riga ya zama aiki. Yaro ya fara tuntuɓe, silifas na zame masa, yana ɗaga gwiwa sama idan zai yi taku saboda tafin ƙafar ba ya ɗaguwa. Wasu ciwon muƙamuƙi ke damunsu bayan allurar farko, wasu murya ta dishe, wasu fatar ido ta sauko. Hanji ma jijiyoyi ke tuƙa shi, don haka ciki kan ɗaure, bayan gida ya yi tauri, har likitoci kan haɗa da maganin sassauta ciki tun kafin abin ya faru. Yawancin waɗannan suna sauƙi a hankali bayan an rage maganin ko an gama, ko da yake wasu kan daɗe. Abin da ake so shi ne a gaya wa likita da wuri. Uwar da ta lura ɗanta ya fara kasa riƙe kofi ta ga abin da gwajin jini ba zai nuna ba, kuma da maganarta ake gyara awon allura ta gaba.

Hanta ce ke fitar da shi daga jiki, don haka mai shawara ko raunin hanta akan rage masa. Wasu magungunan kashe fungas, irin su itirakonazol, suna tare masa hanyar fita, ya taru a jiki ya yi wa jijiyoyi ɓarna. Shi ya sa ba a sayo wa mai wannan jinya magani a kemis ko a kawo masa jiƙo ba tare da likitansa ya sani ba. Mai ciki ko mai shayarwa kuma dole a san halin da take ciki kafin a fara.

Amma fa yana da wata falala da ta sa ake ji da shi. Yawancin magungunan kemo, wato masu kashe ƙwayoyin daji, ɓargo suke durƙusarwa, jini ya yi ƙasa, garkuwar jiki ta faɗi. Binkiristin, a awon da ake ba da shi, bai cika taɓa ɓargo sosai ba. Abin mamaki, tsakaninsa da binbilastin bambancin ɗan ƙaramin reshe guda ne a ginin sinadarin, amma wancan ɓargo ya fi kamawa, wannan kuwa jijiya. Wannan ne ya ba da damar a haɗa shi da wasu magunguna ba tare da illarsu ta taru a wuri ɗaya ba.

Haɗin nan shi ne ya juya tarihin cutar. Tun 1948 Sidney Farber a Boston ya nuna cewa magani guda na iya kwantar da sankarar jinin yara, sai dai bayan 'yan watanni takan dawo, kuma idan ta dawo ba ta jin maganin. A farkon shekarun 1960, Emil Frei da Emil Freireich na cibiyar binciken sankara ta Amurka suka haɗa magani huɗu a lokaci guda, binkiristin na cikinsu. Abokan aikinsu da yawa sun ga abin a matsayin rashin tausayi, a ɗura wa yaro mara lafiya guba huɗu. Hujjarsu ita ce ƙwayar da ta kuɓuce wa ɗaya da wuya ta kuɓuce wa huɗu: sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A wannan cibiya dai Vincent DeVita ya yi irin wannan haɗi ga sankarar kaluluwa ta Hodgkin, ya kuma nuna ana iya warkar da ita ko ta bazu. Haɗin da aka fi sani yau ga sankarar kaluluwar manya shi ne wanda likitoci ke kira CHOP, kuma harafin O da ke ciki na Oncovin ne. A ƙasashe masu hali, yara kusan 9 cikin 10 masu nau'in sankarar jinin da ya fi yawa a yara suna rayuwa yanzu, bayan jinyar shekara 2 zuwa 3.

Waccan nasara ta farko ta zo da wani darasi mai ɗaci. Yaran da jininsu ya wanke tas, bayan wani lokaci da yawansu suka dawo da ciwon kai da amai. Ƙwayoyin sankarar sun ɓuya a cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka, inda maganin da aka sa a jini ba ya ratsawa sosai. Donald Pinkel da abokan aikinsa a asibitin St. Jude da ke Memphis ta Amurka suka dage a kan a bi cutar har maɓoyarta, kuma daga nan allurar gadon baya ta zama wani ɓangare na jinyar: a soka allura tsakanin ƙasusuwan baya a zuba magani irin su metotirezet kai tsaye cikin ruwan laka.

A nan haɗari mafi muni na binkiristin ya samo asali. Sau da yawa rana ɗaya ake yi wa yaro allurar baya da allurar jijiyar hannu. Sirinji biyu a faranti ɗaya, dukkansu ruwa kaɗan. Idan aka yi kuskure binkiristin ya shiga gadon baya, to maganin da ke lalata jijiya daga nesa ya sami laka da ƙwaƙwalwa a gabansa. Shanyewar jiki takan fara daga ƙafa ta yi sama, kuma kusan kowane lokaci mutuwa ce ƙarshe. An sha yin wannan kuskure a ƙasashe daban-daban tun ƙarshen shekarun 1960. Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne na wani saurayi ɗan shekara 18 a Nottingham ta Ingila a 2001, wanda cutarsa ta riga ta lafa. Binciken da aka yi bai tsaya kan likitan da ya riƙe sirinjin ba, ya bi duk matakan da suka bari sirinjin ya iso ɗakin. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a daina ɗura binkiristin a sirinji, a riƙa zuba shi a ƙaramar ledar ƙarin ruwa. Hikimar a fili take: gargaɗi a takarda mutumin da ya kwana yana aiki zai iya tsallake shi, amma ledar ruwa ba ta yi kama da abin da ake sa wa a baya ba, ko mai gyangyaɗi zai tsaya.

Ko a hannun ma sai an kula. Idan allurar ta goce daga jijiya maganin ya tsiyaya ƙarƙashin fata, yana ƙona nama ya bar gyambo. Mara lafiya da ya ji zafi ko raɗaɗi a wurin allura kada ya daure don kunya, ya yi magana nan take.

Akwai wata sankarar kaluluwa da tarihinta ke nahiyarmu. A 1958 Denis Burkitt, likitan fiɗa ɗan Ayalan da ke aiki a asibitin Mulago na Kampala, ya bayyana wani kumburin muƙamuƙi da yake gani a yara. Ya bi sawun cutar a ƙasashe da dama, ya tarar ta fi yawa inda ake da zafi da ruwan sama, wato inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. A 1964 aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a cikin samfurin wannan kumburi. Ita wannan sankara tana cikin dajin da ya fi kowane saurin girma, tana iya ninka kanta cikin kwana ɗaya zuwa biyu, kuma saurin nan shi ne lagonta, don magungunan da ke kama ƙwaya a lokacin rabuwa suna samun ta kullum a kan aiki. A Ibadan, likitan fiɗa ɗan Kamaru Victor Anomah Ngu yana cikin waɗanda suka nuna ana iya narkar da ita da magani, kuma a 1972 shi da Burkitt suna cikin waɗanda aka ba kyautar Lasker, babbar lambar yabo ta binciken likitanci a Amurka, saboda wannan aiki. Har yau binkiristin da sikulofosfamid da metotirezet su ne ginshiƙin jinyarta a asibitocin Afirka da yawa.

A wajenmu irin wannan kumburi yakan fara ne da sunan hangum ko ciwon haƙori. A shafa wannan, a cire haƙori, a yi tofi. Idan kuma wani ya ce daji ne, sai maganar nan ta taso cewa daji ba ya son allura, da an taɓa shi da ƙarfe zai fusata. Ina jin tushen maganar shi ne yawancin masu zuwa asibiti sai abu ya ci ƙarfinsu suke zuwa, idan suka rasu kuma a ce allura ce. Ga cutar da ke ninkuwa cikin kwana biyu, wata guda na jira ba ƙaramin abu ba ne.

Na taɓa zaman jinya a sashen yara na wani asibitin koyarwa. Gadon da ke kusa da namu wani yaro ne ɗan kimanin shekara 7, kuncinsa na dama ya kumbura har ya ture ido, haƙoransa suna girgiɗi. Mahaifinsa manomi ne, yana kwana a tabarma a ƙarƙashin gadon. Aka yi ta ɗura wa yaron ruwa kafin magani da bayansa, ana auna fitsarinsa, saboda idan kumburi ya narke da sauri dattin da yake saki na iya toshe ƙoda. Cikin mako guda fuska ta fara komawa daidai. Ranar da yaron ya tauna ƙosai, uban har da hawaye. Kwana biyu bayan haka na gan shi yana naɗe tabarma.

Ya ce wa nas ɗin, "Sista, ai Allah ya kawo sauƙi, kumburi ya sace. Ga damina ta kama, gona babu kowa."

Ta ce, "Baba, na waje ne ya tafi, wanda ido ke gani. Na ciki yana nan. In kun tafi yanzu zai dawo, kuma in ya dawo ba lalle ya ji wannan maganin ba."

Ya yi shiru yana juya hularsa a hannu. Ba taurin kai ke damunsa ba. Ya riga ya sayar da tumaki biyu, kuɗin mota daga garinsu zuwa nan ba kaɗan ba ne, ga wasu yaran a gida. Da muka bar asibitin yana nan, an shawo kansa ya tsaya zagaye na biyu. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, amma faɗin haka ga mutumin da aljihunsa ya ƙare yana da sauƙi a baki.

Wannan yanke jinya a tsakiya yana cikin manyan dalilan da suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu daji suna warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba su kai kashi 30 ba. A 2018 ta sa burin a kai aƙalla kashi 60 a duniya kafin 2030. Maganin iri ɗaya ne a Memphis da Kano da Damagaram. Abin da ya bambanta shi ne lokacin zuwa, da gwajin da ke tabbatar da nau'in cutar, da jinin ƙari, da maganin kashe ƙwayoyin cuta idan zazzaɓi ya taso, da kuɗin da zai kai mutum ƙarshen jinya.

Shi kansa maganin ba ya cikin masu tsadar gaske, yana kuma cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Arharsa ma ta taɓa zama masa matsala: riba kaɗan ce, kamfanoni ba sa rububinsa. A 2019 kamfanin Teva ya daina yin sa a Amurka, aka bar Pfizer shi kaɗai, kafin shekara ta ƙare likitocin yara a ƙasar da ta fi kowa kuɗi suna lissafin wa za a ba, wa zai jira. Madagaska kuwa, mahaifar furen, ba ta ga wani abin kirki daga dukiyar da aka tara da shi ba, kuma ana yawan kawo wannan misali idan ana gardamar haƙƙin ƙasashe a kan tsirransu, gardamar da ta kai ga yarjejeniyar Nagoya a 2010. A 2022 wasu masu bincike a Denmak sun sarrafa yis, irin na burodi, ya ƙera sinadaran da ake haɗa binbilastin da su, amma har yanzu gona ce ke ciyar da masana'anta.

A nan gida, sau da yawa 'yan'uwan mara lafiya ake ba takarda su je su sayo. Binkiristin ba ya son zafi, ba ya son haske. A firji ake ajiye shi, tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a kuma bari ya daskare. Kwalbar da ta yini a kan kanta a shagon da aka ɗauke wa wuta tun jiya, ko ta yi tafiyar awa uku a aljihun babbar riga cikin zafin bazara, ba za ta canja kama ba, ido ba zai gane ƙarfinta ya ragu ba. Wanda aka aika ya tambayi mai harhaɗa magunguna na asibitin inda ya amince a saya, ya duba ranar ƙarewar aiki da lambar rajistar NAFDAC idan a Najeriya yake, ya ga daga firji aka ciro, ya kuma tafi da fulas da ƙanƙara, a naɗe kwalbar a tsumma kada ta taɓa ƙanƙarar kai tsaye.